Sauƙi Daban, Waraka Daban: Lacca a Kan Alkawarin da Ke Jikin Kwalbar Magani



Ranka ya daɗe shugaban taro, iyayenmu masu riƙe da sarauta, malamai da fastoci, iyaye mata, ma'aikatan lafiya, da ƙannena ɗaliban aikin jinya da ungozoma da na hango kun cika kujerun baya, barkanmu da war haka. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama a nan Kafanchan, suka kuma ga ya dace su miƙo mini lasifika. Na san akwai waɗanda suka yi sammako daga Kagoro, Zonkwa, Kwoi, Gidan Waya, har da Kachia. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya. Da Hausa zan yi magana, domin ita ce ke haɗa Bajju da Atyap da Ham da Fantswam da Fulani a kasuwa, kuma da ita mafi yawan majinyatanmu ke faɗa wa nas inda ke musu ciwo.

An ce in yi magana a kan kalmar nan ta Turanci da muke gani kullum a jikin kwalaben magani da allunan talla, wato cure, wadda mu muke ce wa waraka. Ni ba malamin Turanci ba ne, don haka ba ƙamus na kawo muku ba. Abin da ya dame ni shi ne kuɗi da rayukan da muke asara saboda mun ɗauki abubuwa daban-daban mun zuba su a buhu ɗaya mun kira su warkewa. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko: “da sauƙi”

Ka shiga ɗakin majinyata a babban asibitin Patrick Yakowa, ko asibitin St. Louis na Zonkwa, ka tsaya a gaban kowane gado ka ce, “Ya jiki?” Amsa ɗaya za ka ji: “Da sauƙi.” Wanda za a sallama gobe haka zai ce. Wanda ko ruwa ba ya iya haɗiya, shi ma haka zai ce. Wannan ladabi ne da tawakkali, kuma ba na son mu daina. Matsalar tana farawa ne sa'ad da mutum ya yarda da gaisuwarsa, ya mai da ita hukuncin likita.

Zazzaɓi, ciwon kai, tari, kasala, duk alamomi ne. Abin da ya haddasa su yana can ciki. Farasitamol na sauko da zafin jiki cikin sa'a guda, amma ko ƙwayar cutar maleriya ɗaya ba ya kashewa. Ku dubi abin da ake kira “haɗi” a wasu kemis-kemis: ƙwayoyi huɗu ko biyar masu launi daban-daban a cikin 'yar leda, babu suna, babu kwali. Sau da yawa a ciki akwai mai kashe raɗaɗi irin diclofenac, wani lokaci har da dexamethasone. Manomi ya dawo daga gona jiki ya yi tsami, ya watsa su a baki, gari na wayewa ya ji garau. To, me zai hana ya koma? Shekara biyu, uku yana sha, ranar da gyambon ciki ya fashe ko ƙoda ta gaza, sai a ce jifa aka yi masa. Wa ya jefe shi? Ledar nan ce.

Na biyu: cututtukan da ake warkewa sarai, in an kai magani ƙarshe

A nan zan daɗe, domin a nan ne muke zubar da abin da ya riga ya zo hannunmu.

Mu fara da maleriya, wadda Nijeriya kaɗai ke ɗauke da kusan kashi ɗaya bisa huɗu na masu kamuwa da ita a duniya. Dattawan da ke nan suna tuna zamanin kulorakwin da ƙaiƙayinsa. Wajen shekarar 2005 gwamnati ta sauke shi daga matsayin maganin farko, domin ƙwayar cutar ta saba da shi. Wanda ya maye gurbinsa, irin su Coartem, babban mutum zai sha ƙwaya huɗu sau shida cikin kwana uku, ashirin da huɗu ke nan, kuma ya fi shiga jiki in an sha da abinci mai ɗan maiƙo. Yanzu ina roƙon kowa ya tuna durowar ɗakinsa. Kwali nawa ne a ciki da sauran ƙwaya takwas ko goma sha biyu, an ajiye “saboda gaba”? Na ga wasu na murmushi. Kwana biyu aka sha, zazzaɓi ya sauka, aka tsaya. Bayan mako biyu ya dawo, sai mu ce maganin jabu ne, ko mu ce “taifot ne ya haɗu da maleriya.” Tun da maganar ta zo: gwajin Widal da ake yi sau ɗaya a ce wa mutum yana da taifot ba abin dogaro ba ne, ma'aikatan ɗakin gwaji da ke nan sun sani. Mutane da yawa sun sha maganin taifot na shekaru ba su taɓa yin taifot ba.

Sai tarin fuka. Tun 1882 Robert Koch ya gano ƙwayar da ke kawo shi, kuma yau ana warkewa daga gare shi tas. Gwaji kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, magani ma kyauta, kuma a jiharmu, a Saye kusa da Zariya, cibiyar horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta ta ƙasa take. Sharaɗin shi ne wata shida: wata biyun farko magunguna huɗu a haɗe, sauran wata huɗu magunguna biyu. Fitsari zai yi ja, kada a tsorata, aikin rifampicin ne.

Ga yadda abin yake faruwa, kuma duk wanda ya taɓa zama a teburin raba wannan magani ya ga irinsa. Za a kawo saurayi a kan babur, an sa shi a tsakiya, ɗan'uwansa na riƙe da shi ta baya, wando na zamewa daga ƙugu. Bayan mako shida ya dawo da ƙafarsa, kumatu sun ciko, yana cin tuwo malmala biyu. A wata na uku sai layinsa a rajista ya zama fari. A kira waya, a ce ya tafi Abuja aikin gini, ai ya warke. Bai warke ba. Ƙwayoyin da suka fi rauni ne suka mutu, masu taurin kai suna nan kwance. In suka farfaɗo, wani lokaci sun riga sun san maganin, sai a koma ga wasu magungunan masu wahalar sha da tsada, kuma kafin nan ya yi tari a ɗakin da yara ke kwana.

Magina ma suna amfani da wannan kalma ta Turanci, wato cure, kuma a ganina sun fi mu fahimtarta. Idan aka buga bulo, kwana ɗaya ya bushe a ido, ka taɓa ka ji tauri. Amma magini na gaskiya zai ci gaba da ba shi ruwa safe da yamma, aƙalla mako guda, domin siminti ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai wajen kwana 28. Wannan shayarwar ita suke kira da sunan da likita ke kiran waraka. Wanda ya yi gaggawa ya ɗora gini a kan bulon da bai sha ruwa ba, damina ɗaya za ta tona masa asiri. Mai tarin fuka a wata na uku bulon kwana ɗaya ne.

Kuturta ma tana cikin wannan sahu. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magungunan da ke kashe ta, wanda yanzu ake sha wata shida ko goma sha biyu, kuma tun 1995 kyauta ake bayarwa. Sai dai yatsan da ya riga ya gutsure ba ya tsirowa. Shi ya sa za ka ga mutumin da ya warke shekara ashirin da suka wuce har yanzu ana gudun cin abinci da shi. A nan kuskurenmu ya juya: wancan bai warke ba muka ce ya warke, wannan ya warke muka ƙi yarda. Ciwon hanta nau'in C shi ma yanzu ƙwayoyin mako goma sha biyu na warkar da fiye da mutum 95 cikin 100, ko da yake kuɗinsu ba na kowa ba ne.

Na uku: cututtukan da ake zama da su

Hawan jini, ciwon suga, farfaɗiya a wasu mutanen, ciwon hanta nau'in B da ya zauna a jiki, da cuta mai karya garkuwar jiki. Waɗannan, a iya ilimin da ake da shi yau, ba a tumɓuke su. Ana danne su ne, kuma dannewar na iya ba mutum shekaru talatin, arba'in na aiki da aurar da jikoki.

Na san wannan magana ba ta da daɗin ji. Uwa za ta tambaye ka, “Likita, yaushe zan gama shan wannan ƙwaya?” Ka ce mata, “Mama, ba ranar gamawa,” sai fuskarta ta canza. A zuciyarta, maganin da ba ya ƙarewa ba magani ba ne. Ta sha wata uku, aka auna, jini ya sauko ƙasa da 140 bisa 90, 'ya'ya suka yi murna, aka daina saye. Ai ƙwayar ce ta sauko da shi. Wata shida bayan haka sai labarin shanyewar ɓarin jiki, ana cewa ta faɗi a bayi, iska ta buge ta.

Cuta mai karya garkuwar jiki kuwa, yankin nan ya binne mutane da yawa saboda ita a shekarun 1990, kusan kowane dangi na da labari. Babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ita a Nijeriya. Yau mai shan maganinsa kullum, har ƙwayar ta yi ƙasa ta daina fitowa a gwaji, yana aure, yana haihuwar lafiyayyun 'ya'ya, ba ya kuma sa wa matarsa. Amma kalmar “ba a gani a gwaji” ta zama tarko. Wani zai ɗauki takardar ya je ya ba da shaida cewa an warkar da shi, ya zubar da kwalbar. Cikin 'yan makonni ƙwayar ta dawo. 'Yan tsirarun da aka tabbatar sun rabu da ita a duniya, irin Timothy Ray Brown da aka yi wa aiki a Berlin a 2007, dashen ɓargo aka yi musu saboda sankarar jini, aikin da shi kansa ke iya kashe mutum.

Haka sikila. Dashen ɓargo na iya raba yaro da ita, an ma fara yin sa a Nijeriya a asibitin koyarwa na Benin a 2011, amma iyali nawa ne a Jema'a ko Zangon Kataf za su iya? Ga mafi yawanmu, abin da ke hannu shi ne kulawa: shan ruwa sosai, kariya daga maleriya, zuwa asibiti da wuri. Da kuma gwajin jini kafin soyayya ta yi nisa, ba ana gobe ɗaurin aure ba. AS da AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. Kowane ciki na ce. Wasu na zaton in na fari ya zo da ita, uku na baya sun tsira. Ba haka lissafin yake ba.

Na huɗu: abin da ake tarewa tun daga ƙofa

Ba mu manta da daminar 2023 ba. Cutar mashaƙo ta shigo garin nan ta ɗauke mana yara. Ana iya ceto yaron da aka kai asibiti da wuri, amma in maƙogwaro ya toshe ko dafin ya taɓa zuciya, aiki ya yi wuya. Alhali kariyarta na cikin allurar nan da ake yi wa jarirai a mako na shida, na goma da na goma sha huɗu, kyauta. Ciwon hanta nau'in B da na ce ba a tumɓuke shi, allurarsa ta farko a ranar haihuwa ake so a yi, cikin sa'a 24.

A wannan daminar dai manoman citta a Kachia, Jaba, Kagarko da nan Jema'a suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Ganye ya yi rawaya, aka tona aka tarar saiwa ta ruɓe tana wari. Mutane sun ci bashi sun sayo maganin feshi iri-iri. Wane feshi ne zai mai da ruɓaɓɓiyar citta lafiyayya? Abin da malaman gona ke nanatawa duk na kafin shuka ne: iri mai tsabta, sauya gona, kada ruwa ya kwanta.

Akwai kuma labarin da ya kamata mu yi alfahari da shi, ba mu cika ba da shi ba. Makantar kogi, wadda wani ɗan baƙin ƙuda mai hayayyafa a ruwa mai gudu ke yaɗawa, ta taɓa mai da magidanta abin ja da sanda a ƙauyukan bakin rafi. Maganinta Mectizan, wanda kamfanin Merck ya fara bayarwa kyauta a 1987, ba ya kashe uwar tsutsar. 'Ya'yanta yake kashewa, ita kuwa uwar tana iya kai shekara goma sha biyar a jikin mutum. A ƙauyukan jihar Kaduna ne Farfesa Adenike Abiose da abokan aikinta suka gudanar da gwajin da ya nuna maganin na kare jijiyar ido. Daga nan aka shiga rabo shekara-shekara. Da yawanku kun san mai rabon: ɗan ƙauyenku ne, riƙe da doguwar sanda mai zane-zane da littafin rajista, ya tsayar da kai jikin sandar, tsawonka ya faɗa masa ƙwaya nawa zai ba ka. Ba wanda ya sha sau ɗaya ya warke. Amma da aka jure shekara goma sha biyar zuwa sama, binciken da aka wallafa a 2012 ya je yankin Kauru da Lere da Birnin Gwari bai sami tsutsar a fatar waɗanda aka gwada ba. Maƙwabciyarmu Nijar ma a Janairun 2025 ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta rabu da cutar. Gari ne ya warke gaba ɗaya, da maganin da ba ya warkar da mutum ɗaya nan take.

Na biyar: wa ke da ikon cewa “zan warkar da kai”?

Ku je tasha ranar kasuwa. Ga mota an buɗe bayanta, lasifika a kan rufi, kwalabe jere, da hotunan da ba za ka so ɗanka ya kalla ba. Kwalba ɗaya: basir, sanyi, taifot, shawara, suga, hawan jini, rashin haihuwa, ƙarfin maza. Ku lura da wayon. Ya haɗa ciwon da zai tafi da kansa ko ba a sha komai ba, da wanda asibiti ke warkarwa, da wanda ba mai iya warkarwa. Duk wanda ya ji sauƙi zai dawo ya ba da shaida a lasifika. Wanda ya mutu ba ya dawowa ya ƙaryata.

Zai ɗaga kwalbar ya ce, “Ga lambar NAFDAC.” To, ku karɓa ku karanta. Yawancin magungunan gargajiya, lambar da hukumar ke ba su tana nufin an duba ba a ga guba a ciki ba. Ba ta nufin an tabbatar suna warkar da abin da aka lissafa, shi ya sa ake tilasta rubuta wani ɗan layi da ƙananan harufa cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Wannan layin ba ya shiga lasifika.

Kada a ce na zo zagin maganin gargajiya. Sinadarin da ke cikin maganin maleriyar da muke sha yau daga tazargade aka ciro shi, kuma Tu Youyou ta ƙasar Sin ta karɓi lambar Nobel a kansa a 2015, shekarar da masu gano tushen Mectizan su ma suka karɓa. Kwinin daga ɓawon itace ya fito. A nan gida, cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta samar da Niprisan na masu sikila daga haɗin wani mai maganin gargajiya. Bambancin shi ne waɗannan sun yarda an gwada su, an auna adadi, an ƙirga wanda ya ji daɗi da wanda bai ji ba. Girman mai iƙirari kuwa ba hujja ba ne. A 2007 shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, ya ce yana warkar da cuta mai karya garkuwar jiki, aka raba majinyata da magungunansu, kuma hukumar binciken gaskiya ta ƙasar ta tabbatar daga baya cewa an yi asarar rayuka.

Iyayena malamai da fastoci, da girmamawa nake faɗin wannan. Maganarku ta fi ta likita nauyi a kunnen jama'a. Ku yi addu'a, muna buƙata, mu ma masu farar riga muna yi. Musulunci ya umarci a nemi magani, kuma Luka marubucin Linjila likita ne. Roƙona ɗaya: duk wanda ya zo ya ce ya warke, ku ce masa ya je a gwada, kuma kada ya ajiye ƙwayarsa sai wanda ya rubuta masa ita ya ce ya ajiye.

Ku kuma ƙannena ɗalibai, rabin laifin namu ne. Muna rubuta magani cikin sauri, mu ce “biyu safe, biyu yamma,” mu kira na gaba. Ba mu faɗa wa mutum ko ciwonsa na kwana uku ne, na wata shida, ko na zama tare. In ba mu faɗa ba, mai lasifika zai faɗa masa abin da yake son ji. Minti ɗaya ya isa, da Hausa ko da yarensa. Jama'a kuma, kafin ku tashi daga gaban likita ko mai kemis, ku tambaye shi sunan ciwon, ku tambaye shi ko maganin na kashe ciwon ne ko na danne shi, ku tambaye shi ranar da za ku daina sha da wanda zai ce ku daina. Haƙƙinku ne, ba rashin kunya ba ne.

Ranka ya daɗe shugaban taro, na ga ana mini alama da agogo.  Yanzu fili naku ne. Wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu a kai masa lasifika, wanda kuma tambayarsa ta sirri ce ya rubuta a takarda ba tare da suna ba, a miƙo mini, zan karanta in amsa.